MOTA MAI AIKI DA ISKAR GAS

Jama'a, kowa ya sani mota ba ta tafiya sai an ba ta abincinta. Abincin da muka saba gani iri biyu ne, fetur da dizal. To, yanzu ga na uku ya shigo ƙasarmu, watau iskar gas wadda a ke kira CNG. A wannan darasi za mu bi wannan iska tun daga bakin da a ke ɗura ta har ta shiga cikin inji ta ƙone. Ku karanta sannu a hankali. In kun gama kowane kashi ku tsaya ku yi magana a kansa da malamin aji.

ABIN DA YA SA ZANCEN YA SHAFE MU

Ran 29 ga watan Mayu 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Kafin ran nan litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500. A shekarar 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa.

Mu mutanen ƙasar Gumel mun ji wannan a jikinmu. Mai kai rago kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ji. Mai ɗora buhun riɗi ko na zoɓo daga Sule Tankarkar ya ji. Mai kai mara lafiya asibiti daga ƙauyukan Gagarawa ya ji. In kuɗin mai ya hau, kuɗin mota ya hau. In kuɗin mota ya hau, mudun gero da kwanon gishiri sun hau.

A cikin shekarar nan ta 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman domin a riƙa juya motoci su yi aiki da iskar gas. Dalili kuwa shi ne ƙasarmu tana da wannan iska mai ɗimbin yawa a ƙarƙashin ƙasa, galibi a yankin Neja Delta. Tun da aka soma haƙo mai a Oloibiri, inda aka gano shi a 1956, an daɗe ana ƙone iskar da ke fitowa tare da man a banza. A shekarar 2024 ana sayar da mita ɗaya ta iskar kimanin naira 230, ga shi kuwa tana yin aikin da litar fetur ɗaya ke yi. Daga baya kuɗin ya ƙaru. A 2025 matatar man Dangote ta ba da sanarwar motocin dakon mai guda 4,000 masu aiki da wannan iska.

Abin ba a kanmu aka fara ba. Mutanen Italiya suna tuƙa motoci da iskar gas tun wajen 1930 da 'yan kai. Ƙasashen Iran da Pakistan da Sin da Ajantina suna da irin motocin nan masu yawan gaske. A birnin Delhi na Indiya, babbar kotun ƙasar ta ba da umarni a 1998, kafin ƙarshen 2002 kuwa an mai da bas-bas na birnin kan iskar gas, domin hayaƙi ya dami mutane.

Wata rana ɗanka ko ƙanenka direba zai zo ya ce yana so ya juya motarsa ko a-daidaita-sahunsa. Wata rana kai da kanka za ka zauna a kujerar baya, tukunyar gas tana bayanka. Saboda haka ya kamata ka san abin da ke cikinta.

GAS IRI UKU NE, KADA MU RIKITA

Da bakinmu na Hausa abu uku mu ke kira gas.

Na farko shi ne man gas, watau dizal, wanda tirela da injin niƙa su ke sha. Wannan mai ne, ruwa-ruwa, ana zuba shi a jarka.

Na biyu shi ne gas ɗin girki, wanda mata su ke dafa abinci da shi. A cikin tukunyarsa ruwa ne, in ka jijjiga za ka ji motsinsa. Sai ya fito ya ke zama iska. Ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, don haka in ya tsiyaye ƙasa ya ke kwantawa.

Na uku shi ne wanda mu ke magana a kansa. Masana suna kiran ainihinsa mitan. Ko a cikin tukunya iska ne, ba ya zama ruwa. Nauyinsa bai wuce rabin na iskar da mu ke shaƙa da kaɗan ba, don haka in ya sami ƙofa sama ya ke yi.

Wannan mitan ba baƙo ba ne a wurinmu. In aka tara kashin shanu da ruwa a rami aka rufe, ya ruɓe, iskar da ke tashi daga ciki fiye da rabinta mitan ne, kuma tana kama wuta. Na ƙarƙashin ƙasa ma haka ya samu, daga abubuwa masu rai da suka mutu, ƙasa ta danne su tun zamani mai nisa ƙwarai.

Mitan ba shi da launi, ba shi da wari. Kamfanonin gas su kan zuba masa wani abu mai ɗoyi da gangan, domin in ya tsiyaye hanci ya gaya wa mutum.

DON ME A KE MATSE SHI

Iska abu ne mai cin wuri. Litar fetur ɗaya ta kan shiga kwalba. Amma iskar gas da za ta yi aikin wannan lita, in ba a matse ta ba, sai ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Wannan akwati lita 1,000 ya ke ci. Wace mota ce za ta ɗauki irin akwatin nan goma sha uku?

Dabarar ita ce a matse. Kun ga yadda mai ɗaurin harawa ya ke danne ta da gwiwa har tuli guda ya koma dami ɗaya. Kun kuma ga yadda mai faci ya ke tura iska cikin taya. A gidan gas akwai babban inji mai yin irin wannan, yana matsa iskar har ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na wurin da ta ke ci da farko.

Ma'aunin matsi sunansa ba. Iskar da ke kewaye da mu ba ɗaya ce. Tayar ƙaramar mota ba 2 ce da 'yan kai. Tukunyar gas ɗin mota in ta cika ba 200 ce. Watau ta ninka ta taya kusan sau ɗari. Ga wata hanyar ganewa. Dubi farcen ɗan yatsanka. Kowane wuri mai faɗin wannan farce a jikin tukunyar, iskar tana tura shi da nauyin kilo 200, watau buhun siminti huɗu. Ku riƙe wannan a ranku, gama duk sauran darasin a kansa ya ke tsaye.

YADDA GAS KE ZUWA GIDAN MAI

Hanya ta farko ita ce bututu. A watan Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa babban bututu daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano. Tsawonsa kilomita 614.

Hanya ta biyu ita ce mota. Inda bututu bai kai ba, a kan matse iskar a babban gida, a cika dogayen tukwane da ke bisa tirela, a kai wa ƙananan gidaje. Masu sana'ar suna kiran babban gidan uwa, ƙananan kuwa 'ya'ya. Wani lokaci kuma a kan sanyaya iskar ƙwarai da gaske har ta zama ruwa, a ɗauko ta cikin tanka, in an iso a mai da ita iska a matse.

ZANGO BAKWAI DAGA BAKI ZUWA INJI

Fatake sun san tafiya zango-zango a ke yinta. Ita ma iskar zango bakwai gare ta a cikin mota.

Zango na 1: Bakin ɗuri. Wani ɗan ƙarfe ne mai murfi, ko a ƙarƙashin bonet ko kusa da bakin tankin fetur. Mai sayarwa ya kan maƙala tiyo a jikinsa har ya kulle. A cikinsa akwai bawul mai barin iska ta shiga, amma ba ya barinta ta dawo. Murfin nan yana da amfani ƙwarai a ƙasarmu mai rairayi da ƙurar hunturu. In ƙasa ta shiga bakin, bawul ba zai zauna daidai ba.

Zango na 2: Tukunya. Ita ce rumbun mota. Galibi ƙarfe ce mai kauri, doguwa, mai kai kamar na tulu. Daga ƙarfe guda a ke ƙera ta a masana'anta, babu ɗinki, babu walda ko ɗaya a jikinta. Tukunya mai cin lita 65 ta ruwa ta fi buhun siminti nauyi tun tana wofi. A kan ɗaure ta da maɗauran ƙarfe a cikin but ko a ƙarƙashin mota. A wuyanta an buga lambarta da shekarar da aka yi ta da matsin da za ta iya ɗauka. Amfanin iya karatu ke nan, ka duba da idonka.

Zango na 3: Kan tukunya. Nan ne masu gadi su ke. Akwai marufi na hannu, wanda a ke murɗawa a tsai da iska gaba ɗaya. Akwai bawul na lantarki, wanda ba ya buɗewa sai inji yana aiki, in an kashe mota kuwa nan take ya rufe. Akwai wani wanda in bututu ya tsinke, iska ta zo fita da gudu, sai ya toshe hanya da kansa. Akwai kuma wani toshi na ƙarfe mai saurin narkewa. In gobara ta kama mota, zafi ya ɗara na tafasasshen ruwa kaɗan, sai toshin ya narke, iskar ta fice, tukunya ba ta fashe ba. A kan rufe kan tukunyar da kwanso, a ja tiyo daga kwanson zuwa waje, domin ko da iska ta tsiyaye kada ta taru a cikin but.

Zango na 4: Bututun ƙarfe. Siriri ne kamar alƙalami, yana bi ta ƙarƙashin mota daga baya zuwa gaba. Har yanzu iskar da ke ciki tana da cikakken ƙarfinta. Saboda haka dole a ɗaure bututun gam, a nisanta shi da salansa, a sa shi inda dutse ko kututture ba zai buge shi ba. A jikinsa a ke ɗaura geji mai nuna yawan matsin da ya rage.

Zango na 5: Regileta, watau mai rage ƙarfi. Inji ba zai iya karɓar iska mai ba 200 ba. Ku tuna da babban tankin ruwa na gari. Ruwan da ke sama yana da ƙarfi, amma famfo ya kan sake shi daidai cika bokiti. Haka regileta ta ke. A cikinta akwai wata fata ta roba da sifirin da ƙaramar ƙofa. In matsin da ke gaba ya ragu, sifirin ya tura ƙofa ta buɗe. In ya kai yadda a ke so, fatar ta danne ƙofa ta rufe. Hakanan ta ke yi ba fasawa. A ƙananan motoci iskar ta kan fito da ba 2 ko ƙasa da haka, ko tukunya tana cike ko ta kusa ƙarewa.

Nan akwai abin mamaki. Kun lura in kuna bugun famfon keke ya kan yi zafi? Iska in an matse ta zafi ta ke yi. In an sake ta kuwa sanyi ta ke yi. Iskar da ta sauko daga ba 200 zuwa ba 2 ta kan yi sanyin da zai iya daskarar da raɓa ya toshe ƙofa. Domin haka a kan ja ƙananan tiyo biyu daga ruwan lagireto, ruwan zafi ya riƙa kewaya regileta yana ɗumama ta. Motar da ba ta da isasshen ruwa a lagireto ba za ta ji daɗin gas ba.

Zango na 6: Mataci. Daga regileta iskar ta kan bi tiyo na roba ta ratsa ta mataci, kamar yadda a ke tace koko da rariya. Shi ke tare ƙura da ɗigon mai da ke biyo iska daga injin matsawa. A kan sake shi lokaci-lokaci, yadda a ke sake matacin mai.

Zango na 7: Injekta. Bayan mataci akwai wata 'yar sanda mai rami, a jikinta an jera injekta, kowane fistin da tasa. Injekta ƙofa ce ƙanƙanuwa mai aiki da lantarki, tana buɗewa tana rufewa sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Kowace buɗewa sai ta fesa ɗan gas cikin hanyar da inji ke shaƙar iska.

Wa ke gaya mata lokacin buɗewa? Wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai su ke ce wa ƙwaƙwalwa. Tana jin saurin inji, tana jin yadda direba ya taka totur, tana jin zafin ruwa da matsin gas. In mota tana hawan tudu da kaya, sai ta sa ƙofa ta daɗe a buɗe. In mota tana tsaye tana jiran fasinja, sai ta rage. Kamar mai awo ce a kasuwa, ba ta ƙara wa kowa, ba ta tauye kowa.

Tsofaffin motoci masu kafireta ba su da injekta. A kan sa musu wani zobe a bakin kafireta. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jan gas ta ramukan zoben. Wannan ya fi araha, amma awonsa bai kai na injekta daidaito ba.

A CIKIN INJI

Maƙeri ya sani gawayi ba ya ci sai an zuga. Gas ma ba ya ƙonewa sai da iska. Kashi ɗaya na gas yana bukatar kimanin kashi goma na iska. In gas bai kai kashi 5 cikin 100 na haɗin ba, ba zai kama ba. In ya wuce kashi 15 cikin 100, nan ma ba zai kama ba.

Fistin aiki huɗu ya ke yi. Ya sauka ya zuƙo haɗin gas da iska. Ya hau ya matse shi. Fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi ta salansa. Turin nan na uku shi ke juya ƙafafun mota.

Gas ya fi fetur wuyar kamawa. Sai zafi ya wuce digiri 500 ya ke kamawa da kansa, fetur kuwa tun wajen rabin haka. Saboda haka yana son fulogi mai lafiya da wayoyi masu kyau. Yana ƙonewa tas, ba ya barin baƙin toka da yawa, man inji kuwa ya kan daɗe bai yi baƙi ba. Amma da ya ke iska ne, yana cin wuri a cikin inji, sai ƙarfin mota ya ragu kamar kashi ɗaya cikin goma. Direba ya kan ji haka in ya yi lodi da yawa.

Injin dizal ba shi da fulogi. Shi ya sa juya shi ya fi wuya. Ko dai a bar shi yana fesa dizal kaɗan domin ya kunna gas ɗin, ko kuwa a yi sabon inji mai fulogi tun daga masana'anta.

MOTA MAI CIKI BIYU

In an juya motar fetur, ba a cire tankinta. Sai ta zama mai ciki biyu. Kusa da sitiyari a kan sa ɗan maɓalli mai fitilu. Galibi da safe mota da fetur ta ke tashi. In ruwan inji ya yi ɗumi har zai iya ɗumama regileta, sai ƙwaƙwalwa ta rufe fetur ta buɗe gas. In gas ya ƙare a hanya, sai ta yi ƙara ta koma kan fetur. Saboda haka kada direba ya bar tankin fetur ya bushe. Famfon fetur ya kan lalace in yana juyawa babu mai.

MU YI LISSAFI

Ku ɗauko allunanku. Tukunya tana cin lita 65. An matse iska a ciki sau 200.

65 sau 200 ya ba da 13,000.

Lita 13,000 ita ce mita 13 ta gas, gama kowace mita lita 1,000 ce. Mita ɗaya kuwa kusan litar fetur ɗaya ce. Ashe babbar tukunyar nan aikin lita 13 na fetur za ta yi, ko fiye da haka kaɗan.

Mu ce mota tana yin kilomita 12 da kowace lita.

13 sau 12 ya ba da 156.

Daga Gumel zuwa Maigatari bai kai kilomita 30 ba. Cika ɗaya ta isa zuwa da dawowa sau biyu, har da saura. Daga Gumel zuwa Kano kuwa kimanin kilomita 120 ne. Zuwa da dawowa 240 ke nan. Cika ɗaya ba za ta kai ba.

To, ga abin da lissafin ya koya mana. Kafin mutum ya sayar da sa ko gona ya juya motarsa, ya fara tambayar kansa abu uku. Ina gidan gas mafi kusa da hanyar da na ke bi kullum? Kilomita nawa na ke yi a rana? Wata nawa zan yi kafin rarar kuɗin mai ta biya kuɗin aikin? Wanda ke shiga babban birni kullum, inda zai cika, shi zai fi cin riba. Wanda gidan gas ya yi wa nisa zai ƙone rabin abin da ya saya wajen zuwa sayensa. Ku tuna kuma ba a sayar da wannan iska a galan a bakin hanya. 'Yan bumburutu ba su da ita, ba kuwa za su iya ajiye ta ba.

Har wa yau, zafi yana kumbura iska. Da tsakar rana a watan bazara geji ya kan nuna tukunya ta cika alhali iskar da ta shiga ba ta kai ta lokacin sanyi ba. Wanda ya cika da sassafe ko da dare ya fi samun auki.

HATSARI DA RIGAKAFI

Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ba, a daren 15 ga Oktoba 2024. Tankar fetur ta faɗi, mai ya malala cikin lambatu, mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Fetur in ya zube kwanciya ya ke yi, tururinsa yana bin ƙasa yana neman wuta.

Iskar gas ba ta malala. In ta tsiyaye a fili sai ta yi sama ta watse. Hatsarinta a wuri biyu ya ke: matsi, da rufaffen ɗaki.

A cikin watan nan na Oktoba 2024, wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin ana cikin ɗura mata, mutane suka ji munanan raunuka. Da aka bincika sai aka tarar tukunyarta ta jabu ce, mai walda ne ya haɗa ta. Ku tuna da buhun siminti huɗu a kan farce ɗaya. Ɗinkin walda ba zai riƙe wannan ba. Tukunyar girki ma ba za ta riƙe ba, gama an yi ta ne domin matsi kaɗan. Araha ba ta ado, a nan kuwa araha kisa ta ke yi.

Ga dokoki takwas. Ku haddace su, ku gaya wa direbobin garinku.

1. Kada a juya mota sai a wurin da hukuma ta amince da shi. A karɓi takardar shaida a adana.
2. Kada a sayi tukunyar da ba ta da lamba da shekara a wuyanta.
3. Kada walda ko guduma ko wuta su taɓa tukunya. In ta lotsa ko ta yi tsatsa mai zurfi, ta gama aiki.
4. A kai tukunya gwaji a kan lokacin da aka rubuta a takarda. A ƙasashe da yawa bayan shekara 3 ne ko 5.
5. Lokacin ɗuri a kashe inji, fasinja duka su sauka su tsaya nesa. Ba shan taba.
6. Kada a jibga kaya a kan tukunya, kada a toshe tiyon da ke fitar da iska waje.
7. In an ji ɗoyin gas, a tsaya a fili, a kashe mota, a buɗe ƙofofi, a murɗe marufin hannu. Kada a nemi wurin yoyo da ashana ko fitilar kwai. Ruwan sabulu a ke shafawa, inda ya yi kumfa nan ne.
8. Kada a kwana da mota a ɗakin da ba shi da mafitar iska ta sama.

Fasinja ma yana da hakki. In ka ga tukunya mai ɗinkin walda a bayan mota, ka yi wa direba magana cikin ladabi. In bai ji ba, ka gaya wa shugabannin tasha, ka nemi wata motar. Rigakafi ya fi magani.

Kakanninmu a Gagarawa sun ga jirgin ƙasa mai cin gawayi yana wucewa zuwa Nguru. Iyayenmu suka ga mai shan dizal. Kowane sabon abu da ya zo, waɗanda suka san kansa su suka ci moriyarsa. Wanda ya iya karanta lambar tukunya, ya iya duba geji, ya iya lissafin kilomita, ba a cutarsa a gareji. Ku dage da zuwa aji.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abu uku da mu ke kira gas. Wanne ne ya ke yin sama in ya tsiyaye?
2. Ba nawa ne a cikin tukunyar mota in ta cika? Ba nawa ne a cikin taya?
3. Lissafa zango bakwai da iska ke bi, bi da bi.
4. Don me a ke ja wa regileta ruwan zafi?
5. Don me ba a yi wa tukunya walda?
6. A-daidaita-sahu yana da tukunya mai cin lita 30. Mita nawa ta gas za ta ɗauka in an matse sau 200?
7. Rubuta wa ɗan'uwanka direba wasiƙa ta layi biyar, ka gaya masa abin da zai yi in ya ji ɗoyin gas a motarsa.